Ruwan Sanyi da Rakiya

A ofis ana kiranta Mai Taurari, a gida kuma Auta. Sunan gidan babu wani labari a cikinsa, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, shi ke nan. Na ofis ɗin ne ke son bayani. Tana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani babban kamfanin rarraba kaya, amma ba ita ke ɗauka ba, ba ita ke hanawa ba. Nata aikin shi ne ta auna yadda masu neman aiki suka ji a ransu. Duk wanda ya zo ganawa za a tura masa saƙo a waya mai tambayoyi shida, ya zaɓi tauraro ɗaya zuwa biyar, a ƙasa kuma akwai fili ga mai son ƙarin bayani. Ita ke tattara taurarin ta fitar da lamba guda, ranar Litinin ta farkon wata ta haska lambar a bango manya su gani. In ta hau a ce sannu da ƙoƙari, in ta sauka a ce a duba. Shekara shida ke nan tana wannan.

Kafin nan ita ma ta sha zaman benci. Shekara huɗu ta yi tana yawo da ambulan ruwan ƙasa, har gefensa ya yi laushi saboda gumin hannu. An taɓa barin ta a wani baranda tun takwas na safe, sai ƙarfe huɗu mai gadi ya zo ya ce ai mai ganawar ya yi tafiya tun jiya, shi ma yanzu ya ji. Wannan ma da sauƙi, tunda an yi mata magana. Mafi yawan wuraren shiru ne kawai, ka kai takarda ka dawo ka yi ta duba waya har ka gaji ka daina.

Wanda ya riƙe ta a shekarun nan yayanta ne. Mahaifinsu ya rasu tana da shekara tara, shi yana da ashirin da biyu, sai ya ajiye karatu ya shiga aikin sito, yana ƙirga kwalaye yana rubutawa a babban littafi. Ba mutum ne mai yawan magana a kan ƙauna ba, tasa ƙaunar a ƙafa take. Tun tana firamare yake raka ta inda ake shiga mota, ya tsaya har motar ta tashi sannan ya juya. Ta gama makaranta yana yi, tana neman aiki yana yi, ta yi aure ta koma wata unguwa, amma duk ranar da ta zo gidansa sai ya saka takalmi ya bi ta. In ta ce Yaya ai na girma, sai ya ce shi ma miƙe ƙafa zai yi. A gidan nasa kuwa ba baƙuwa ba ce balle a ce mata sannu da zuwa. Da kanta take buɗe firji, ta sha ruwa a tsaye, matar Yaya tana yi mata tsiyar ta shanye na yara.

Saboda haka da ta samu wannan aikin, da zuciya ɗaya ta shige shi. Ita ta sa aka fitar da bencin ƙarfe aka kawo kujeru goma sha takwas masu laushi. Ita ta ce a daina kiran mutane da lamba, a kira kowa da cikakken sunansa. Ta ce duk wanda ya zauna a miƙa masa gorar ruwan sanyi a kan tire, da hannu biyu, in ya gama kuma a raka shi har bakin ƙofa a ce masa an ji daɗin haɗuwa da shi, zai ji sakamako cikin mako guda. Kuma kowa ya ji ɗin, ko da na ba da haƙuri ne. Ta ce da Manaja shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Manaja ya ji daɗin maganar har ya sa aka rubuta a takardar horar da sababbi. A shekara guda lambar ta tashi daga biyu da ɗigo tara zuwa uku da ɗigo takwas. A nan ta tsaya, ta ƙi motsi.

Wata rana tana duba amsoshin sai ta lura da wani abu. Waɗanda suka cike tambayoyin kafin su ji sakamako sun fi sakin hannu da taurari, waɗanda kuwa aka riga aka ba haƙuri, ko ruwan zuma aka ba su, biyu suke bayarwa. Ta faɗi wannan a taro kamar yadda mutum zai ce yau akwai zafi. Manaja ya cire tabarau ya dube ta, kafin a tashi abin ya zama doka: a rufe jerin sunaye ranar Talata, a tura tambayoyi ranar Laraba, sakamako kuma a riƙe shi sai Juma'a. Ba a yi wa kowa ƙarya ba, an dai jinkirta gaskiya kwana uku. Lambar ta haura huɗu da rabi, aka ba ta wani ɗan kofin gilashi ta ajiye a tebur, daga ranar sunan Mai Taurari ya bi ta.

Ba za ta iya cewa ga ranar da ta daina jin komai ba. A farko takan karanta abin da mutane suka rubuta a filin ƙasa, wani ya sa ta dariya, wani ya hana ta cin abinci. Daga baya ta koma duba taurari kawai, don rubutun ba ya shiga lissafi. Murmushin da ta koya wa masu karɓar baƙi a gaban madubi ya zauna mata a fuska, ba ta san lokacin da yake zuwa ba, ba ta san yadda ake sauke shi ba. Ranar da mijinta ya ce gishiri ya yi yawa a miya, sai ji ta yi bakinta ya ce mun gode da ra'ayinka, za mu duba. Ya yi ta dariya har da ƙwarewa, ita ma ta taya shi don ta ga abin dariya ne.

Ana nan sai siton da Yaya ya yi shekara ashirin da takwas a ciki ya rufe. Wata takwas ya yi a gida. Ya gyara famfo, ya gyara ƙofar banɗaki, ya kwance fanka mai lafiya ya sake ɗaurawa, har matarsa ta fara ɓoye masa sukurdireba. Bai gaya wa Auta ya nemi aikin mai kula da sito a kamfaninsu ba, sai da aka kira shi ganawa. Ya ce ba ya son a ce da hanya ya shiga. Ita kuma ta yi abin da doka ta ce, ta je ta gaya wa Manaja ɗan'uwanta ne, ta sa hannu a takarda cewa ba za ta taɓa fayil ɗinsa ba, ba za ta faɗa masa komai ba kafin lokaci. A bara an sallami wani abokin aikinsu saboda ya tsegunta wa ɗan kawunsa sakamako ranar Laraba, ɗan kawun ya zo yana ɗaga murya a gaban mutane. Teburin mutumin har yanzu babu kowa a kai, kuma yana kallon nata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ranar Litinin ta hango shi ta gilashin ofishinta. Ya zo da rigar da ya sa ranar aurenta, ta ɗan yi masa yawa yanzu. Ya zauna a bakin kujera kamar mai tsoron ɓata ta. Ta ga an miƙa masa ruwa da hannu biyu, ya miƙe tsaye ya karɓa. Ta ga an kira sunansa ya waiga baya don ya tabbatar shi ake nufi. Bayan minti ashirin ta ga an rako shi har ƙofa, yana ta gyaɗa kai. Komai ya tafi daidai yadda ta tsara, ta lura har da cewa tiren yana son a goge.

Ranar Talata da rana jerin ya iso kwamfutarta, don ita ke tura saƙonni. An ɗauki uku, an bar arba'in da ɗaya. Sunansa na layi na goma sha bakwai a cikin waɗanda aka bari, a gefe an rubuta bai saba da ajiye lissafin kaya a kwamfuta ba. Ta zauna tana jiran ta ji wani abu a ƙirjinta, bai zo ba. Sai ta ga an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan mahaifinsu, ta gyara don saƙon ya fita daidai.

Da yamma matar Yaya ta kira ta. Ta ce akwai wani tsohon abokinsa mai shagon fenti da ke son wanda zai riƙe masa sito, wurin ƙarami ne amma aiki ne, kuma ya ce a ba shi amsa kafin sha biyun ranar Alhamis, don akwai wani yana jira. Yaya kuwa ya ce ba zai amsa wa mai fenti ba alhali babban wuri ya nuna yana son sa, ba zai karɓi amanar mutum ya ajiye bayan kwana biyu ba. Ta ce Auta ki zo ki yi masa magana, ke yake ji.

Ta je ranar Laraba bayan an tashi aiki. Ta same shi a tsakar gida ya yi aski, yana goge takalmi, rabon da ta ga haƙoransa haka tun kafin a rufe siton. Bai bari ta zauna ba ya fara ba ta labari, kamar ba a wurin take aiki ba. Ya ce da hannu biyu aka ba shi ruwa. Ya ce cikakken sunansa aka kira, har da na mahaifinsu. Ya ce mai ganawar da kansa ya taso ya rako shi ƙofa ya ce ya ji daɗin haɗuwa da shi. Shi fa ba yaro ba ne, ya san yadda ake sallamar wanda ba a so, an sha yi masa a wata takwas ɗin nan, ko kallo ba ka isa ba. Ga shi ɗazu ma sun aiko suna tambayar ra'ayinsa, wa ke tambayar ra'ayin wanda zai kora? Ya ba su biyar biyar, ya kuma yi musu ɗan rubutu a ƙasa.

Ta ce, "Yaya, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka amsa wa mai fenti."

Ya ajiye burushin ya dube ta sosai. Ya ce, "Auta, ni na raine ki. In akwai abin da kika sani, faɗa min."

Matar Yaya ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Kalma biyar ce kawai: ba a ɗauke ka ba. Ta tuna teburin da babu kowa a kai. Ta tuna Yaya mutum ne da ba ya iya riƙe abu, gobe da sassafe zai kira ofis cikin ladabi ya tambayi laifin da ya yi. Amma in za a faɗi gaskiya ba tsoron ne ya fi yawa ba. Shekara shida bakinta yana ba da amsa guda ga wannan tambayar, ya saba, ya riga ta.

Ta ce, "Har yanzu ana kan dubawa. Za ka ji cikin mako."

Yaya ya kalli fuskarta, ya juya ya kalli matarsa, ya fashe da dariya. Ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ki dubi yadda take murmushi, yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya ɓoye abin daɗi ba. Ya ce ya gane, an sa ta rantsuwa, ba zai matsa mata ba. Matar Yaya ta dubi Auta, ta ga murmushin, ita ma ta saki ajiyar zuciya ta koma kicin.

Ya raka ta bakin titi kamar kullum. Sun tsaya minti huɗu kafin mota ta zo, ta san huɗu ne don agogon wani shago na kallon su. Ya yi ta magana a kan yadda zai tsara siton, kaya masu nauyi a ƙasa, masu saurin fita kusa da ƙofa, kwamfutar ma zai koya, ai ba aljani ba ce. Ta ce haka ne. Motar ta zo ta shiga, ya tsaya har ta tashi.

Ranar Alhamis babu wanda ya hana ta komai. Manaja ma bai zo ba. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta ɗauki waya ta rubuta, Yaya don Allah ka karɓi na mai fenti, ba wasa nake ba. Ta karanta, ta ga kalmomin sun yi tsauri, ta fara neman yadda za ta tausasa su. Ta goge, ta sake, ta goge. Tana cikin gyara jimlar agogon kwamfuta ya nuna sha biyu da minti uku. Ta ajiye wayar a kife, ta buɗe kwanon abincinta ta cinye tas, ta wanke, ta dawo ta ci gaba da aiki.

Ranar Juma'a ƙarfe goma ta danna maɓalli, saƙo arba'in da ɗaya suka fita lokaci guda. Ita ta rubuta saƙon tun shekaru biyar da suka wuce, an yaba shi sosai, babu kalmar da ke ciwo a cikinsa. Yaya bai kira ba, matarsa ma ba ta kira ba. Asabar da Lahadi ta yi wanki, ta yi guga, ta jera takalma.

Litinin ɗin farkon wata ce, ta haska lambar a bango: huɗu da ɗigo bakwai, ba a taɓa kai haka ba. Aka tafa. Manaja ya ce shi yau ya leƙa filin ƙasa, ya ga wani rubutu da ya taɓa shi, bari ya karanta. Ba a nuna sunayen masu amsa, don haka bai san na wane ne ba. Ya gyara murya ya karanta:

"Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa shiga wurin da aka mutunta ni haka ba. Na fito ina jin har yanzu ina da amfani. Duk wanda ya tsara wannan karɓa, an yi masa tarbiyya a gidansu."

Aka sake tafawa, wasu suka juyo suna kallon ta. Manaja ya ce a buga shi da manyan haruffa, a sa a firam, a rataye a ɗakin jira, kuma ita za ta zaɓi bangon. Ta rubuta a littafinta: firam, bango, kafin Laraba.

Da aka tashi ta wuce gidan Yaya. Matarsa ce ta buɗe, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta ce mai fenti ya ɗauki wancan mutumin tun ranar Alhamis da azahar, ta shige ɗaki ta ja labule. Yaya na zaune a falo, fankar nan a kwance a gabansa an cire mata fukafukai. Auta ta nufi firji yadda ta saba, sai ya ce ta zauna. Ta zauna a bakin kujera.

Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani, ta ce tun Talata. Ya gyaɗa kai, ya juya wata ƙaramar ƙusa a tafin hannunsa.

"Ruwan nan da hannu biyu, kowa ake ba?"

"Kowa, Yaya."

"Da rakiyar?"

"Kowa."

"Da tambayar ra'ayi kafin a faɗa wa mutum?"

Ta ce ita ma kowa. Ya tambayi wanda ya tsara haka, ta ce ita ce. Ta so ta ƙara wani abu, ta duba cikinta ta ga duk jimlolin da ke wurin na ofis ne.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau."

Ya tashi ya shiga kicin. Ta ji ƙarar firji, ta ji yana neman wani abu a cikin kwanuka. Ya fito da kofin ruwan sanyi a kan tiren da matarsa ke ajiyewa don baƙi, ya miƙa mata da hannu biyu. Ba da gatse ya yi ba, da ma gatsen ne da ta samu abin riƙewa. Fuskarsa a sake take, irin ta mutumin da ya koyi abu sabo yana gwadawa. Ta karɓa ta sha, ruwan ya sauka da sanyi har cikinta, ya tsaya yana jira ta gama ya karɓi kofin.

Da ta miƙe, shi ma ya miƙe. Takalminsa na nan a inda yake ajiye shi, a goge tun ranar Laraba, ya wuce shi. Ya buɗe mata ƙofa, ya tsaya a ciki ƙafa ba takalmi, ya ce ya ji daɗin zuwanta, ta gaida mai gidan. Ya kira ta da cikakken sunanta, har da na mahaifinsu.

Ta taka zuwa bakin titi ita kaɗai. Hanyar ta fi yadda ta san ta tsawo, akwai wani rami a tsakiya da ba ta taɓa lura da shi ba, don kullum shi ke bin wannan gefen. Mota ta zo ta shiga ta zauna kusa da taga. Da motar ta tashi ta waiga wurin da yake tsayawa, babu kowa sai mai shagon agogo yana janyo ƙofarsa. A gilashin tagar ta hango fuskarta, murmushin yana nan. Ta sa hannu ta shafa, bai tafi ba.